Yadda Ake Zaɓar Aji da Harsashi a Gasar Harbin Nesa

Wata Lahadi bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida a Agege, sai ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani Bature ne kwance a ciyawa da doguwar bindiga, can gaba kuma wani allo da ƙyar ido ke iya kama shi. Ya ce, "Kawu, ai irin wasan da ka yi a Ingila ke nan ko? Ni ma na yanke shawara. In Allah ya hore mini, harsashin 6.5 Creedmoor zan nema, an ce babu kamarsa."

Na ce masa, "Ɗana, wane aji za ka shiga?" Ya yi shiru, don bai ma san akwai aji ba.

Aikin kamfanin jigilar kaya a Apapa ne ya kai ni Ingila zaman shekara uku, a can na shiga ƙungiyar maharba, na koyi wannan wasa, kuma har yau yana raina. Kuskuren da na fi gani a wurin sababbin shiga shi ne wannan na ɗan yayata: mutum ya fara son harsashi, daga baya ya tarar harsashin ya jefa shi cikin ajin da bai shirya wa ba. A wannan wasa aji ake fara zaɓa, wato rukunin gasar da za ka fafata a cikinsa, shi kuma ajin ya faɗa maka harsashin da za ka riƙe. Ga wanda ke zaune a Legas kuwa, akwai abin da ke gaban aji ma.

Mataki na farko: ka san matsayinka a gaban doka

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka irin ta maharbanmu na gargajiya, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Abin da ya shafe mu shi ne, a jerin haramtattun an ambaci bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303. To, harsashin .308 Winchester, wanda shi ne ƙashin bayan gasar harbin nesa a duniya, faɗinsa 7.62 ne. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da izini, kuma haɗa shi a gida, wanda maharban gasa a ƙasashen waje ke yi kullum, a nan dokar ta hana. Ko bindigar iska tana cikin waɗanda ake nema wa lasisi. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da ba da lasisin bindiga.

Saboda haka duk wanda ya ce maka zai samo maka ta bayan fage, ka guje shi kamar wuta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Hanyar da ke buɗe ga ɗan Legas biyu ce: ya tuntuɓi Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya don koyon tushen wasan a ƙarƙashin kulawarta, sannan harbin nesa na sosai ya yi shi a ƙasar da ke da filinsa, da bindigar ƙungiya ko wadda aka yi masa rajista a can. Duk bayanin da ke tafe a kan wannan sharaɗi na gina shi.

Mataki na biyu: ka fahimci nisan da girman abin da ake harbi

Ana fara gasar daga yadi 300, a bi ta 500 da 600, amma abin da ake kira nesa shi ne yadi 800, 900 da 1,000. Yadi 1,000 mita 914 ke nan. Ka ɗauki gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda tsawonta kilomita 1.36 ne, ka raba uku ka ɗauki kashi biyu, to daga nan kake kwance, allon yana can. Harsashi yakan yi wajen daƙiƙa ɗaya da rabi a hanya, kuma kafin ya isa nauyinsa ya sauko da shi kamar mita 7 zuwa 8, shi ya sa ake ɗaga saiti tun daga farko.

Ma'aunin da maharba ke magana da shi ana kiransa MOA, wato mintin kusurwa. Minti ɗaya ya ɗara inci ɗaya kaɗan a yadi 100, a yadi 1,000 kuma inci 10 da rabi ne. A allon masu harbi da madubin hange, da'irar da ke ba da cikakken maki faɗinta inci 10 ne, kamar farantin cin shinkafa, a tsakiyarta kuma akwai ƙaramar da'ira mai inci 5 da ake raba gardama da ita in maki ya zo ɗaya. Allon masu harbi ba madubi ya ninka wannan. Ka riƙe wannan faranti a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: ka zaɓi aji

Hukumar da ke tsara dokokin wasan a duniya ita ce ICFRA, an kafa ta a 2003, amma wasan ya girme ta nesa ba kusa ba. Ƙungiyar maharba ta Birtaniya ta fara taronta na shekara-shekara a Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ta yi harbin farko, sannan aka koma Bisley a 1890, inda ake yi har yau a kowane watan Yuli. Azuzuwan da za ka tarar manya guda uku ne.

Na farko shi ne TR, wato Target Rifle, tsohon aji, uban sauran. Babu madubin hange, sai saitin ƙarfe mai 'yar huda gaba da baya. Babu abin da ke tallafe bindigar sai hannunka da maratayin da ke ɗaure a damtsenka, kana sanye da riga mai tauri da safar hannu. Harsashi .308 Winchester ne mai ƙwayar da ba ta kai giren 156 ba (ƙwaya ita ce ɓangaren da ke fita daga bindiga, giren kuma ma'aunin nauyinta ne), shi ya sa kowa ke harba mai giren 155, wato giram 10 da ɗigo. An yarda da .223 Remington ma, amma ba shi da yawa a layi. A dokar Birtaniya bindigar ba ta wuce kilo 6.5, kunamarta kuma ba ta tashi sai an ja ta da ƙarfin kilo 1.5. A wannan aji ake gasar Palma, wadda aka fara a 1876 a filin Creedmoor na Amurka, harbi 15 a kowane ɗaya daga nisan nan uku. A nan kuma ake neman Kyautar Sarki ta Bisley, inda ake ɗaukar wanda ya ci a kan kujera a zagaya da shi da kiɗa. Mace ta taɓa cinye ta tun 1930, Marjorie Foster, don haka 'yan'uwanmu mata kada ku ce wasan maza ne. TR yana son lafiyar ido da juriyar jiki da shekaru na horo. In kai matashi ne mai ido garau kuma za ka zauna kusa da fili, ina ba ka shawarar ka gwada shi, don babu ajin da ke koyar da riƙon bindiga kamarsa.

Sauran biyun 'ya'yan ajin F ne. Harafin ya fito daga sunan wani dattijo ɗan Kanada, George Farquharson, wanda tsufa ya raunana masa ido da hannu, amma bai yarda ya bar wasan ba. Ya nemi a bar irinsu su sa madubi su kuma ɗora bindiga a kan abin tallafi, su ci gaba da kwanciya a layi ɗaya da matasa. Abin da aka fara don dattawa a shekarun 1990 ya zo ya zama aji mai cin gashin kansa. An yi gasar duniya ta farko a Kanada a 2002, aka yi a Bisley a 2009, ta 2023 kuma a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu. Wannan labari yana taɓa ni, domin na ga dattawa masu shekara 70 da ɗoriya suna doke jikokinsu a layi.

F-TR shi ne ajin F mai ƙa'ida. Harsashi biyu kawai aka yarda da su, .308 Winchester da .223 Remington, kuma mazaunin harsashin a cikin bindigar dole ya kasance na asali, ba wanda aka faɗaɗa don ya ɗauki ƙarin albarushi ba. A gaba ƙafa biyu ce maƙale da bindigar, a baya jakar yashi. Nauyin duka, da madubi da ƙafar da duk wani abin da zai tashi in an ɗaga bindigar, ba ya wuce kilo 8.25. Nauyin ƙwayar harsashi kuwa dokar ICFRA ba ta ƙayyade shi a nan ba, wannan ne babban bambancinsa da TR bayan madubi.

F-Open shi ne buɗaɗɗen aji. Kowane harsashi ya halatta muddin faɗinsa bai wuce milimita 8 ba, a Amurka kuwa har inci .35. Bindiga da madubinta kilo 10 ne iyaka. Ana ɗora gabanta a kan wani matallafi mai nauyi da ke zaune a ƙasa, wanda ba a haɗa shi a awo, kuma faɗin katakon da ke hawa kansa ba ya wuce milimita 76. A nan masu kuɗi da masu ƙwarewa suke haɗuwa.

Yanzu ka ga inda ɗan yayata zai faɗa. 6.5 Creedmoor harsashi ne mai kyau, kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, ba ya shuri sosai, kuma ana samunsa a kanti. Amma ba .308 ba ne, ba .223 ba ne, don haka ranar gasa sunansa a F-Open za a rubuta, gefe da gefe da masu bindigar kilo 10 da harsashin milimita 7. Ba za a kore shi ba, sai dai ya shiga dambe da waɗanda ba sa'anninsa ba. Wanda ya ɗauko .338 Lapua kuwa, mai faɗin milimita 8.6, a ƙarƙashin dokar ICFRA ba shi da aji sam. Haka kuma abin rage shuri da ake ɗaurawa a bakin bindiga, wanda ke fesa iska da ƙara gefe da gefe, haramun ne a duk azuzuwan nan, saboda maƙwabcinka a layi yana kwance kamu kaɗan daga gare ka.

Akwai wasu azuzuwan da za ka ji sunansu. A Bisley ana yin Match Rifle daga yadi 1,000 zuwa 1,200 da .308 da madubi, a Ostireliya akwai F-Standard mai ƙayyade nauyin ƙwaya, a Amurka kuma gasar da ake kira PRS ta yi ƙarfi, inda ake harbin farantan ƙarfe daga kan shinge da duwatsu cikin ƙayyadadden lokaci, a can ne 6.5 Creedmoor ya yi suna. Waɗannan duk dokarsu daban.

Ra'ayina ga mai zuwa daga Legas sau ɗaya ko biyu a shekara: F-TR. Ba ya buƙatar horon jiki na kullum irin na TR, ba ya cin kuɗi irin na F-Open, kuma kusan kowace ƙungiya tana da .308 da za ta ara wa baƙo.

Mataki na huɗu: ka auna kayanka kafin a auna maka

Wannan gajere ne amma ya taɓa ƙona ni. A wata gasar ƙungiya na sauya madubi kwana biyu kafin ranar, na ɗora wanda ya fi girma, ban sake awo ba. Da safe aka rataya bindigar a sikeli, allura ta tsaya a kilo 8.31. Giram 60 kacal, nauyin ƙwan kaza ɗaya. Jami'in ya ce ko in rage ko in koma F-Open. Ina tsugune a kan raɓa, hannuna na rawa don sanyi, na kwance bututun inuwar madubi da murafansa, na cire wani ƙarfe a gindin bindigar, da ƙyar ta sauko. Hankalina bai dawo jikina ba sai bayan nisan farko. Tun daga ranar nake barin ratar giram 100, domin sikeli da sikeli sukan saɓa.

Mataki na biyar: ka zaɓi harsashi a cikin ajinka

Harsashi gaɓa huɗu ne: kwanso, da 'yar hular da ke tayar da wuta, da albarushi, da ƙwayar da ke fita. Sunan da kake ji, .308 ko .284, sunan kwanso ne da faɗin ƙwaya. A cikin suna ɗaya kuma ƙwayoyi iri-iri ne, kuma a nan hikimar take.

Abokin gabar mai harbin nesa iska ce. Faɗuwar harsashi lissafi ne, in ka san nisa ka san ta. Iska kuwa tana canzawa tsakanin harbi da harbi. Mu koma kan farantin nan. Iskar da ke bugowa daga gefe da gudun mil 10 a awa, wato kilomita 16, irin wadda ke kaɗa riga a bakin ruwan Lekki da yamma, tana ture ƙwayar .308 mai giren 155 wajen inci 90 a yadi 1,000. Ke nan in ka yi kuskuren mil ɗaya tak a hasashenka, ka kauce inci 9, alhali daga tsakiyar faranti zuwa bakinsa inci 5 ne. Ka fita. Ƙwayar milimita 7 mai giren 180 kuwa wannan iskar wajen inci 60 take ture ta, kuskuren mil ɗaya inci 6 ne, kana dab da baki, wani lokacin ka tsira. Duk gardamar harsashi da za ka ji a kan wannan tazarar ake yin ta. Doguwar ƙwaya mai nauyi mai tsinin baki ta fi ratsa iska, kuma kamfanoni suna buga makin wannan ratsawa a jikin kwali da haruffan BC. In za ka kwatanta ƙwayoyin nesa, ka dubi lambar da aka rubuta G7 a gabanta, ita ta fi dacewa da siffarsu.

In TR ka zaɓa, an hutar da kai: giren 155, bututun bindiga mai tsawon inci 30, gudu wajen ƙafa 2,950 zuwa 3,000 a daƙiƙa. Dalilin dogon bututun shi ne a kai ƙwayar yadi 1,000 tana gaba da gudun sauti, wanda yake wajen ƙafa 1,125 a daƙiƙa, domin in ta sauko kusa da wannan iyaka takan fara tangaɗi. A babban taron Bisley ma ba ka zuwa da naka harsashin, kowa iri ɗaya ake raba masa, don ya zama gwanintar mutum ake aunawa.

A F-TR zaɓi uku ne a cikin .308. Giren 155 yana da sauƙin shuri da sauƙin kuɗi, amma iska ta fi wasa da shi. Giren 200 zuwa sama shi manyan 'yan wasa suka fi riƙewa, yana riƙe hanya a iska, sai dai a bindigar kilo 8.25 a kan ƙafa biyu shurinsa yana sa ta tsalle, in riƙonka bai zama iri ɗaya kowane harbi ba sai ka ga ƙwayoyi suna hawa suna sauka a allo. Na ga mutane da yawa sun yi tsalle zuwa mai nauyi makinsu ya ragu. Giren 185 shi ne tsaka-tsaki, kuma shi nake ba sabon shiga shawara: yana yafe kuskuren riƙo, bai kuma yi nisa da mai nauyi a iska ba. Amma .223 da ƙwaya mai giren 90, kusan ba ya shuri, ya dace da mai ciwon kafaɗa da matasa, yana kuma yin abin mamaki har yadi 600. A yadi 1,000 yana son harsashin da aka haɗa da matuƙar kulawa, don ɗan bambancin gudu yana bayyana a allo.

A F-Open, .284 Winchester, wanda aka fito da shi tun 1963 don farauta, shi ya zama ma'aunin ajin, da ƙwaya mai giren 180, tare da danginsa da aka ɗan faɗaɗa wa kwanso kamar .284 Shehane. Kafin shi 6.5-284 ne ke tashe, aka bar shi saboda cin bututu. Masu neman ƙarin ƙarfi suna hawa 7 RSAUM ko .300 WSM, su biya da shuri. Ƙananan milimita 6 irin su 6 BR da 6 Dasher kuwa daidaitonsu abin sha'awa ne a yadi 300 zuwa 600, amma in iska ta tashi a 1,000 sai manya su wuce su.

Kada ka manta bututu yana ƙarewa kamar tayar mota. Wutar albarushi tana cin maƙogwaronsa, wato farkon raminsa dab da mazaunin harsashi, kaɗan-kaɗan, kuma yawan albarushi a ƙaramin rami shi ke saurin cinye shi. A abin da maharba suka saba gani, .308 yakan kai harbi 4,000 ko fiye kafin daidaitonsa ya fara gudu, .284 wajen rabin haka, 6.5-284 kuwa da ya haura 1,000 an fara maganar sabo. Ka raba kuɗin sabon bututu da aikin ɗora shi a kan waɗannan lambobi, ka haɗa da kuɗin harsashi, ka juya shi zuwa naira, sannan ka ga wanne aljihunka zai ɗauka. Wanda ya harba .308 sau 1,000 yana karanta iska ya fi wanda ya harba mai tsada sau 200 yana tsoron ƙarewar bututu.

Mataki na shida: ka tabbata ƙwaya da bututu sun yi aure

A cikin bututu akwai zane mai murɗi da ke sa ƙwaya juyawa kamar katantanwar yara, juyawar ce ke hana ta wuntsilawa. Ana auna shi da inci nawa ƙwaya ke tafiya kafin ta yi juyi ɗaya. Doguwar ƙwaya tana son murɗi mai sauri. Giren 155 yana zama da juyi ɗaya a inci 13, giren 185 yana son 11 ko 12, giren 200 kuma 10. Giren 90 a .223 yana son 7, giren 180 a milimita 7 kuma 9 ko ƙasa da haka kaɗan. In bindigar aro aka ba ka, tambayar farko ita ce murɗinta nawa ne, ta biyu kuma wace ƙwaya aka yanka maƙogwaronta dominta. Kada ka taɓa sa harsashin da wani ya haɗa wa tasa bindigar a cikin wadda ke hannunka sai mai ita ya amince, domin abin da ya zauna lafiya a wannan yana iya haifar da matsi mai haɗari a waccan.

Mataki na bakwai: ka karanta dokar filin da za ka je

Bayan dokar aji, kowane fili yana da tasa. A Bisley gudun harsashi ba ya wuce mita 1,000 a daƙiƙa, kuma in ƙarfinsa a bakin bindiga ya haura jul 4,500, jul kuwa ma'aunin ƙarfin bugu ne, sai ka bi wani tsarin gwajin saiti na musamman kafin a bar ka ka harba nesa. .308 mai giren 155 yana ƙasa da wannan layi, .284 yana dab da shi, .300 WSM ya haye. Ana kuma neman katin shaidar cewa ka iya riƙe bindiga lafiya, ƙungiyarka ce ke bayarwa, kuma sabon ɗan ƙungiya a Birtaniya yana zaman gwaji na aƙalla wata 3 a ƙarƙashin kulawa.

A nahiyarmu kuma akwai Afirka ta Kudu. Daga Legas zuwa Johannesburg wajen awa 6 ne a jirgi, daga nan kilomita 400 zuwa Bloemfontein, inda filin Janar De Wet yake, a hannun SABU, ƙungiyar masu harbin nesa ta ƙasar, ake shirya gasanninsu. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, iskarsa ba ta da kauri, don haka harsashi ba ya faɗuwa kamar yadda yake yi a Bisley da ke kusa da matakin teku. Lambobin saitin da ka rubuta a wani filin ba za su yi maka aiki a wani ba sai an gyara. Kamfanonin jirgi kilo 5 na harsashi suke yarda fasinja mai izini ya ɗauka, wajen harsashi 200 na .308 ke nan, amma kai da ke tashi daga Ikeja wannan bai ma taso ba: komai a can za ka same shi, a can za ka bar shi. Ko kwanson da aka harba kada ka sa a aljihu don tunawa. Ka zazzage jakarka da aljihunan rigarka tas kafin ka nufi filin jirgi.

Ka rubuta wa sakataren ƙungiya tun watanni kafin tafiya, ka faɗi cewa kai sabo ne, ba ka da bindiga, F-TR kake so. Ka nemi littafin doka na shekarar da ake ciki, don ana yi masa gyara. Za a kuma sa ka a matakin gwaninta, wanda shi ma aji ne a cikin aji: a Birtaniya sabon shiga TR yana farawa daga T, ya hau O, ya hau A, ƙoli shi ne X, a Amurka kuma matakai biyar ne da ake hawa da matsakaicin maki. Akwai rukunin 'yan ƙasa da shekara 21 da 25, da na dattawa daga shekara 60.

Mataki na takwas: abin da za ka iya yi a Legas tun yau

Karatun iska ba ya buƙatar bindiga, kuma shi ne rabin wasan. Ka sayi 'yar na'urar auna iska ta hannu da ƙaramin littafi. Duk inda ka tsaya, a filin ƙwallo ko a bakin ruwa, ka dubi tuta ko ganyen kwakwa ko shanyar da ke kan igiya, ka yi hasashen gudun iskar, ka rubuta, sannan ka auna ka ga tazarar da ke tsakani. Ka ɗauki inda kake fuskanta a matsayin ƙarfe 12 na agogo. Iskar da ke zuwa daga ƙarfe 3 ko 9 tana ture harsashi da cikakken ƙarfinta, ta ƙarfe 1, 5, 7 da 11 rabi, ta 12 da 6 kusan ba ta ture shi gefe. Da rana tsaka ka lura da kawalwalniyar da ke rawa a kan kwalta: in tana tashi tsaye iska ta kwanta, in ta karkata tana gudu gefe to can iskar ta nufa. A fili, ta cikin madubi, ita maharba suka fi gaskatawa fiye da tuta in iskar ba ta da ƙarfi. Sai dai ka kiyaye inda kake wannan aiki, kada a gan ka da madubin hange kusa da bariki ko tashar jirgin ruwa ko filin jirgin sama.

Ranar da ka kwanta a layi, za ku kasance biyu ko uku a allo ɗaya kuna harbi bi da bi, kowa yana rubuta makin ɗan'uwansa, kuma daƙiƙa 45 gare ka daga lokacin da allo ya fito. Harbi biyu na farko na gwaji ne, in sun yi kyau kana iya cewa a ƙirga maka su. Kafin a ba da umarni, bindiga a buɗe take da 'yar tutar roba a mazaunin harsashi, toshen kunne yana kunnenka.

Ɗan yayata ya sayi na'urar a kasuwar Alaba. Makon jiya ya kawo mini littafinsa, shafi huɗu cike da lambobi daga filin ƙwallon unguwarsu. A shafin farko hasashensa yana kaucewa da mil 4 ko 5, a na huɗu ya sauko zuwa 2. A saman shafin ya rubuta F-TR, .308, giren 185, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na ce masa ya ci gaba har tazarar ta koma mil ɗaya, sannan mu zauna mu rubuta wasiƙar.